A cikin motar igiya zuwa saman Grande Dixence

Jama'a, yau na hau motar nan mai rataye a igiyar ƙarfe da ke kai mutane saman dam ɗin Grande Dixence, a yankin Valais na ƙasar Suwizalan. Har yanzu abin bai fita raina ba.

Daga gindin dam ɗin ake tashi. Ana rufe ƙofa sai akwatin ya ɗan girgiza, ƙasa ta fara ja baya. Wata dattijuwa kusa da ni ta damƙe ƙarfen da hannu biyu, bakinta na motsi a hankali. Ni kuwa idona na kan bangon. Tsayinsa mita 285, kankare zalla, nauyinsa kaɗai ke tare ruwan. A 1961 aka kammala shi, kuma ina ta tunanin leburorin da suka shekara takwas suna zuba siminti a wannan sanyi.

Da muka isa sama, fiye da mita 2,300 daga matakin teku, iska ta buge ni har kunnena ya yi zafi. Ga tafkin shimfiɗe, launinsa tsanwa-tsanwa mai haɗe da fari, saboda ƙurar dutse da narkakkiyar ƙanƙara ke kwasowa. Yana ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 400. Da rani ake tarawa, lokacin sanyi a sake shi ta bututu ya gangara ya juya injinan lantarki can ƙasan kwari.

Na daɗe tsaye a bakin shingen, ban ko ciro wayata ba, sai da aka ce motar ƙarshe za ta sauka.