Ruwan da ke bin wata

Awa shida muka yi zaune cikin kwale-kwale a kan tsurar laka, mu huɗu, a wani ɗan rafi cikin dajin Matang da ke jihar Perak ta Malesiya, kuma laifina ne. Tun tara da rabi na safe mai jirgin, dattijon da muke kira Pak Cik, wato kawu a bakin Malay, yake nuna mini bakin ruwa yana cewa "air surut", wato ruwa yana janyewa. Ni kuwa saura mini fili ɗaya cikin shida da nake auna itatuwa da laka a cikinsu don bincikena. Na ɗauka irin azarɓaɓin direban tasha ne, na roƙe shi rabin awa. Bai yi mini musu ba. Kafin mu kwaso kaya mu fito, ruwan ya kama gabansa, ya bar jirgi a karkace kamar jakin da ya ƙi tashi. Ɗalibai biyu 'yan ƙasar da suka zo taya ni aiki ba su ce uffan ba, murmushi kawai. Da zagina suka yi, da ya fi mini sauƙi.

Ni ɗan Dutsin-Ma ne. Ruwa mafi girma da na sani kafin na zo nan shi ne dam ɗin Zobe, shi kuwa da damina yake cika, da rani ya ja baya, sau ɗaya a shekara. Teku a wannan gaɓar sau biyu take cikowa, sau biyu take janyewa a cikin awa 24 da minti 50. Wannan mintin hamsin ɗin shi ne tarkon baƙo: lokacin da ruwa ya janye yau ba shi ne na gobe ba, kullum sai ya ƙara jinkiri, bayan mako guda lissafin ya juye gaba ɗaya. Tsakanin cikowa da janyewa awa shida ne da 'yan mintuna, amma ba da gudu ɗaya ruwan yake tafiya ba. Masu jirgi suna raba shi kashi 12: awa ta farko kashi 1, ta biyu kashi 2, ta uku da ta huɗu kashi uku-uku, sannan 2, sannan 1. Rabin ruwan ke nan yake ɓacewa a cikin awa biyun tsakiya. Wanda ya dubi rafi a awa ta biyu ya ce akwai sauran lokaci, shi ne zai yi azahar da la'asar a kan laka. Akwai littafin jadawali da cibiyar awon teku ta sojojin ruwan Malesiya take fitarwa duk shekara, sai dai awon tashar jiragen ruwa irin ta Lumut ne a ciki. Ruwan cikin lungun daji yana da nasa jinkirin, kuma wannan a kan Pak Cik yake, babu shi a takarda.

Abin da ya fi ba ni haushin kaina shi ne, makullin abin yana hannuna tun ina yaro. Wata ne ke jan ruwan. Kwana ɗaya ko biyu bayan tsayuwar wata, da kuma bayan daren sha huɗu, ruwa yana cika maƙil ya kuma janye ƙwarai. Wajen bakwai da takwas ga wata, da ashirin da biyu zuwa da uku, sai ya yi sanyin jiki, cikowar kaɗan, janyewar kaɗan. Duk tsohuwar da ke unguwarmu ta san yau nawa ga wata ba tare da duba waya ba.

Dajin da kansa ba shi da suna a Hausa, don itatuwan ba sa fitowa a ƙasar Hausa. A nan bakau ake ce musu. Suna tsaye a cikin ruwan gishiri, saiwoyinsu sun fito daga jikin kututture sun lanƙwasa sun caki laka kamar ƙafafun gizo. Matang ya kai hekta dubu 40, kuma tun farkon shekarun 1900 ake sarrafa shi da tsari: a rage itace idan ya shekara 15, a sake ragewa a shekara 20, a sare duka a shekara 30 a yi gawayi, sannan a sake dasawa inda bai tsiro da kansa ba. Wajen ragewar ma ba a yi da ka. Sanda ce mai tsawon mita 1.2 a karon farko, 1.8 a karo na biyu: a tsaya a gindin itacen da aka zaɓa, a zagaya da sandar, duk wanda ta taɓa a sare shi. Aikina shi ne auna yawan sinadarin kabon da ke binne a ƙarƙashin waɗannan itatuwa, in kwatanta fili mai shekara kaɗan da wanda ya tsufa. Binciken da Daniel Donato da abokan aikinsa suka wallafa a 2011 ya nuna irin wannan daji a yankin Indiya da Fasifik yana riƙe da kimanin tan 1,000 na kabon a kowace hekta, kuma kaso mafi tsoka a cikin laka yake, ba a jikin itace ba. Dalili kuwa, lakar a jiƙe take kullum, iska ba ta shiga, ganye da saiwa ba sa ruɓewa da wuri. Warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke tashi idan ka soka ƙafa, shaidar hakan ce.

Ga yadda yinin yake tafiya, idan mutum ya ji maganar mai jirgi. Da farko sai da takardar izini daga ma'aikatar gandun daji ta jiha. Ana shiga da sauran ruwa, a ja igiyar awo daga bakin rafi zuwa cikin daji, a kafa fili shida, tazarar mita 25 tsakaninsu. Kowane fili da'ira ce, mita 7 daga tsakiya zuwa baki, da ƙaramar da'ira mai mita 2 a ciki don ƙirga 'yan tsirrai. Kaurin itace a daidai ƙirji ake auna shi, amma bakau mai ƙafafu sai a hau santimita 30 sama da saiwar da ta fi tsayi, in ba haka ba saiwa ka auna, ba kututture ba. Laka kuma da wani dogon ƙarfe ake ɗebo ta, mai kamar bututun da aka tsaga gida biyu, tsawonsa mita ɗaya. A danna shi a miƙe, a murɗa sau biyu ko uku ya yanke saiwoyi, a zaro a hankali ana ci gaba da murɗawa. Idan ka fizga, ƙasan ya zube. Idan ka ga lakar da ta fito ta gaza zurfin da ƙarfen ya shiga, ta matse ne, sai ka zubar ka matsa gefe ka sake. Mutum yakan yi sau huɗu kafin ya sami mai kyau, kuma a nan ne lokaci yake gudu.

Ana raba abin da ya fito zango-zango: daga sama zuwa santimita 15, daga 15 zuwa 30, 30 zuwa 50, 50 zuwa 100, sai abin da ya wuce mita. Daga tsakiyar kowane zango a yanki santimita 5 cif da wuƙa. Cif ɗin nan shi ne komai, domin da girman yankin ake lissafa nauyin laka, kuskuren rabin santimita kuwa kashi goma ne cikin ɗari da zai bi ka har shafin ƙarshe na kundinka. Fili shida, zango biyar, leda 30 ke nan. Kada a amince da alƙalamin maka a bayan leda, ruwan gishiri da gogayya suna share shi kafin a iso gari. Takarda marar jiƙewa ake rubutawa da fensir a jefa a ciki.

Maganar takalmi ma kada a raina ta. Dogon takalmin roba irin na masu aikin kwalbati, laka tana cafke shi, ka zaro ƙafa ka bar shi a can. 'Yan ƙasar wani ɗan takalmin roba mai araha suke sawa, suna yi masa laƙabi da Adidas kampung, wato na ƙauye, a ɗaure shi tam a kan safa mai kauri. Ana taka saiwa kusa da gindi. Idan ka nutse zuwa cinya kada ka yi ta mutsu-mutsu, kwanto gaba ka baza nauyinka, ka fara ɗago diddige. Sai kuma agas, wasu ƙwari da ba su kai rabin sauro ba, ba ka jin kukansu, ƙaiƙayinsu kuwa mako guda. A ranar nan sun ci rabonsu a jikinmu. Ruwan sha ya ƙare wajen ƙarfe ɗaya, ƙanƙarar cikin kula ta narke. Da ruwan wani ɗan gurbi da teku ta bari muka yi alwala. Hadisin nan da muka haddace a Islamiyya, cewa ruwan teku mai tsarkakewa ne, ban taɓa zaton zai yi mini rana ba. Pak Cik ya ja mu salla a zaune, da bisimillarsa a tsarin Shafi'iyya, bai ko dube ni da fuskar zargi ba.

A ɗakin gwaji ana busar da lakar a tanda mai zafin digiri 60, ana aunawa kullum har nauyi ya daina raguwa, kwana uku ko fiye. Mai gaggawar da ya ƙara wuta yana ƙona abin da ya zo nema. Daga nan a daka, a ɗiga ruwan asid a kan ɗan kaɗan. Idan ya yi kumfa akwai garin ɓawon kerang a ciki, wata 'yar halittar teku mai ɓawo kamar dodon-koɗi, wannan kabon ɗin daban ne, sai an cire shi daga lissafi. Sauran a ƙona a digiri 450 na awa huɗu zuwa takwas, nauyin da ya ɓace shi ne na ruɓaɓɓen ganye da saiwa. Sai dai yumɓu yana da ruwan da ke maƙale a jikinsa, shi ma yana fita a wutar ya kumbura maka sakamako, shi ya sa ake tura wasu ledojin zuwa injin da ke auna kabon kai tsaye, a daidaita da shi. Lissafin ƙarshe ba wuya. A misali, laka mai nauyin rabin giram a kowane santimita kubik, kaurin zango santimita 15, kabon kashi 10 cikin ɗari, tan 75 ke nan a hekta, daga saman kawai. Randa na fara ganin lambobina sun jeru sun yi ma'ana, ni kaɗai a ɗakin da ƙarfe goman dare, na juya in nuna wa wani, babu kowa sai ƙarar tanda.

Da na kira gida, awa bakwai muke gabansu, lokacin suka gama la'asar ke nan. Inna ta ce, "Wai kai har yanzu lakar ce? Ga ta nan burjik a fadamar babanku, da ba sai ka hau jirgi ba." Kawuna mai sayar da gawayi shi kaɗai yake saurarona da gaske. Na ba shi labarin matoyar gawayin Kuala Sepetang, gini ne kamar babban rumbu na bulo da yumɓu, a loda masa ɗanyen itace wajen tan 40, a yi kusan wata guda ana turara shi, a fito da tan goma, mafi yawa a tura Japan. Tambayarsa ɗaya ce, nawa buhu. Bikin ƙanwata da aka yi bayan ƙaramar salla a waya na kalle shi, hoton yana tsayawa yana tafiya, ana ta miƙa ni daga hannu zuwa hannu kamar ƙwaryar fura. A Taiping da ke kusa da mu ruwan sama yana kai milimita 4,000 a shekara, Katsina ba ta samun ko rubu'in hakan, amma ni ƙurar hunturu nake mafarki, da ƙamshin daddawa a miyar kuka. Garin kukar da na zo da shi ya yi fumfuna a wata na biyu, laimar ƙasar nan ba ta barin komai.

Kuskuren da na yi shi ne ba Inna labarin awa shidan nan, har da bayanin wata. Ta riƙe rabin bayanin. Yanzu duk sha uku ga wata sai ga saƙon murya ta wayar ƙanena: "Ka ji ko, gobe sha huɗu, kada ka shiga ruwan nan." Ranakun da lakar bakin teku ta fi buɗewa ke nan, su nake jira duk wata. Nakan ce to Inna, in Allah ya yarda, sannan in kira Pak Cik in tambaye shi ƙarfe nawa zan same shi a bakin gada.