Shirin tafiya Kuwet

To jama'a oda ta fito, rundunarmu za ta tafi Kuwet. Masu tambaya, ni sojan ko-ta-kwana ne a nan Amurka, wato ina da aikina na farar hula, atisaye Asabar da Lahadi ɗaya a wata sai kuma sati 2 a shekara. Yanzu kam komai ya canza.

Mutane suna ɗauka harbi da gudu ne kawai shirin, wallahi takardu sun fi cin rai. Gwajin jini, allurai, likitan haƙori ma sai ya sa hannu, in haƙori ɗaya ya lalace za a iya riƙe ka sai an gyara. Sannan aka zaunar da mu gaban lauya kowa ya rubuta wasiyya, ni dai na nace a raba kamar yadda Musulunci ya tanada, da na kawo takardar gida maman yara ta karanta ta ninke ta sa a durowa ba ta ce uffan ba, ranar ban iya cin abinci ba.

Aikina dai ba zai salwanta ba, dokar USERRA ta 1994 ta tilasta wa mai kamfani ya mayar da ni in na dawo.

Daga nan sai sansanin soja na Fort Bliss a Texas a ƙarasa horo kafin jirgi. Hajiya tana Zariya, har yanzu ina neman bakin da zan faɗa mata. Ku sa mu a addu'a don Allah.