Safar hannu ta tsinke a zagaye na takwas

Ƙarfe 3 na dare a nan San Diego na tashi, ran 20 ga Maris 2024, saboda Padres ɗinmu za su buɗe kakar besbol da Dodgers a can Seoul, Koriya ta Kudu. Azumi ake, don haka a gaban talabijin na yi sahur.

Har aka shiga zagaye na takwas muna gaba da 2 da 1. Suka farke. Sai Gavin Lux na Dodgers ya buga wata ƙwallo mai bin ƙasa, Jake Cronenworth namu ya duƙa ya tare ta daidai yadda ake so, ashe igiyar safar hannunsa ta tsinke. Ƙwallon ta bi ta cikin ragar safar ta wuce, Dodgers suka shige gaba. Wallahi kofin shayi na hannuna, na kasa kai shi baki. Betts da Ohtani suka ƙara, aka tashi 5 da 2.

Wanda ya fi ba ni tausayi Kim Ha-seong ne, ɗan wasanmu ɗan Koriya. A filin Gocheok ɗin nan da aka buga wasan ya yi suna, ga mutanensa cike da wurin suna kiran sunansa.

An ce mini saura wasa 161. Na sani. Amma har na idar da sallar asuba safar nan na cikin raina.