Abin da Na Koya Wajen Neman Aiki Mai Gwaɓi a Matsayin Mataimakiyar Nas a Sakkwato

Duk wadda ta taɓa aikin taimaka wa nas a ƙaramin asibitin kuɗi a Sakkwato ta san cewa yawan wahala ba shi ke kawo yawan albashi ba. Mu ne muke tarbar marar lafiya tun daga ƙofa, mu auna zafin jikinsa da hawan jininsa, mu canza zanen gado, mu juya tsohon da ya daɗe a kwance don kada bayansa ya yi gyambo, mu zubar da ledar fitsari, kuma idan dare ya raba likita ya tafi gida, mu ne masu zaman gadin ledar ƙarin ruwa har ta ƙare. Da wata ya mutu sai a kira mu ɗaya bayan ɗaya, a miƙo kuɗi a hannu, mu sa hannu a wani littafi mai bangon kwali, ba tare da wata takarda da ke nuna abin da aka biya da abin da aka yanke ba. Shekarun da na yi a wannan hali sun nuna mini cewa abubuwa biyu ne suke yanke yawan abin da mataimakiya za ta samu, wato wanda yake biyan ta da kuma takardar da take riƙe da ita.

A shekarar 2024 gwamnatin tarayya ta ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa naira 70,000, kuma da yawa daga cikinmu sun zaci ƙarin zai iso kowane asibiti. Sai dai dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, alhali mafi yawan ƙananan asibitocin unguwa ba su kai wannan adadi ba ko da an haɗa da maigadi da mai shara. Saboda haka jayayya da mai asibiti a kan wannan doka ɓata yawu ne kawai, kuma ya fi amfani mai neman aiki ta ƙirga ma'aikatan wurin tun ranar da ta je ganawa, domin daga nan za ta gane ko tana da abin kafa hujja da shi.

A ɓangaren gwamnati kuwa, ana biyan ma'aikatan lafiya waɗanda ba likitoci ba ne bisa tsarin albashi na CONHESS, wanda a ƙarƙashinsa ake samun alawus na aikin karɓa-karɓa da na haɗarin aiki, ga kuma fansho. A dokar fansho ta 2014, mai ɗaukar aiki yana zuba kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kuma kashi 8, kuma wannan kuɗi ne da ba a ganin sa a hannu amma yana taruwa da sunan mutum. Shi ya sa kowa idonsa yake kan Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Asibitin Masu Taɓin Hankali na Kware, waɗanda na tarayya ne, sannan Asibitin Ƙwararru da Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha, waɗanda na jiha ne. Amma a nan akwai wani abu da ba a cika faɗa wa sabbin shiga ba. A manyan asibitocin gwamnati da dama a ƙasar nan, an daɗe da miƙa ƙananan ayyuka ga kamfanonin 'yan kwangila. Wata abokiyar aikina ta taɓa zuwa tana murna cewa ta samu aiki a wani babban asibiti, amma da muka buɗe takardar ɗaukar aikin sai muka ga tambarin da ke samanta na wani kamfani ne, babu matakin albashi, babu maganar fansho, kuma wa'adin wata shida ne. Tana shiga ƙofa ɗaya da ma'aikatan gwamnati, tana aiki a ɗakin kwanciya ɗaya da su, amma albashinta bai fi na asibitin da ta baro ba. Tun daga lokacin, tambarin da ke saman takarda da sunan wanda ya sa hannu a ƙasanta su nake fara dubawa kafin sunan asibiti.

Batun takardar shaida shi ne ya fi ci mini rai, domin a nan ne ƙwarewa take zama ba ta da mai saye. Hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta Najeriya ba ta yi wa wadda ta koyi aiki a hannun likita a asibitin kuɗi rajista, ko da ta shekara goma tana yi, kuma takardar da irin waɗannan asibitoci suke bayarwa ba ta ba da lasisi. Na ga mata waɗanda suke gane jijiyar jariri a hasken tocila, amma yarinyar da ta fito daga makaranta jiya da lasisinta ta fi su albashi, kuma a gaskiya ban ga laifin tsarin ba, tunda rai ne ake riƙo. Hanya mafi kusa ga irinmu ita ce karatun lafiyar al'umma, inda ake yin shekara 2 a zama JCHEW, wato ƙaramin ma'aikacin lafiyar al'umma, ko shekara 3 a zama CHEW, matakin da ke sama da shi, kamar yadda ake yi a kwalejin kimiyyar lafiya ta Gwadabawa, sannan a samu rajista da hukumar ma'aikatan lafiyar al'umma. Wadda take son zama cikakkiyar nas ko ungozoma kuma, akwai kwalejin aikin jinya a cikin garin Sakkwato da ta Tambuwal. Abin da yake tare yawancinmu a bakin ƙofar waɗannan makarantu shi ne kiredit biyar a Turanci da Lissafi da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks, musamman biyun ƙarshe. Don haka ga wadda ba ta cika su ba, sake zana WAEC ko NECO ta masu zaman kansu shi ne mataki na farko na ƙarin albashi, ko da yake ba ya kama da neman aiki. Wannan kuma yana sauya ma'aunin zaɓen wurin aiki, domin asibitin da yake biyan kaɗan amma ya yarda a yi musayar aikin dare don a samu halartar darasi ya fi wanda ya ɗara shi da 'yan dubbai amma ya cinye rana da dare.

Ƙungiyoyin agaji su ne suka fi biya a matakin farko, kuma ba baƙi ba ne a jihar nan, domin ƙungiyar likitoci ta MSF tana tallafa wa Asibitin Noma na Sakkwato, mai kula da masu cutar noma da ke cin baki da fuska, tun 2014, ga kuma shirye-shiryen yaƙi da tamowa da suke ƙara ɗaukar ma'aikata a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma zazzaɓin cizon sauro ya yi yawa. Wadda ta iya ɗaura igiyar awon damtsen yaro daidai, ta san cewa abin da ya gaza santimita 11.5 yana cikin ja, wato alamar tamowa mai tsanani, ta kuma iya lallashin uwar da ta zo daga ƙauye cikin harshen da take ji, tana da abin da za ta nuna a wajen ganawa. Illarsu ita ce aikin na wa'adi ne, yana ƙarewa idan kuɗin shirin ya ƙare, saboda haka mai hankali takan ɗauki wannan albashi a matsayin kuɗin makaranta.

Akwai kuma jinyar tsofaffi a gidajen masu hali, wadda sau da yawa takan fi asibitin unguwa kawo kuɗi. Sharaɗin da na ga ya zama dole a nan shi ne a tsayar da lokacin shiga da na tashi a gaban shaida, a kuma faɗa tun farko cewa ba za a yi allura ko a sa ruwa ba sai da nas ko likita, domin idan abu ya ɓaci mataimakiya ce za a fara riƙewa. Kowane tayi kuma sai an cire masa kuɗin abin hawa, domin tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, mai fitowa daga unguwar Mabera zuwa wani gefen gari a kan kabu-kabu safe da yamma tana iya ƙarar da duk ƙarin da ta yi murnar samu.

Game da masu sayar da gurbin aikin gwamnati da dillalan da suke alkawarin kai mutum Ingila aikin kula da tsofaffi, ya isa a san cewa Birtaniya ta rufe ɗaukar sabbin masu wannan aiki daga ƙasashen waje a watan Yulin 2025, kuma babu hukumar kirki da take karɓar kuɗi kafin ta ba da aiki. Abin da ya buɗe mini ƙofa bai ci ko kwabo ba. Da zan bar tsohon wurin aikina, babbar nas da na yi aiki a ƙarƙashinta ta kira ni ta ce, "Ɗiyata, kada ki yarda a rubuta miki cewa kina da ladabi kawai, ki sa a lissafa ayyukan da hannunki ya iya." Ta zauna ta rubuta awon hawan jini da na zafi, da wankin ciwo a gaban nas, da dafa kayan aiki, da cika katin marar lafiya, ta sa shekarar da na fara da wadda na bari, ta buga hatimi ta ƙara da lambar lasisinta. A ganawar da aka ɗauke ni, a kan wannan takarda aka yi mini yawancin tambayoyin, aka kuma kira ta a waya don tabbatarwa kafin a ba ni aikin.