Maɓallin da ya ci mini kwana biyu

Har yanzu in na tuna sai raina ya sosu, don ba wanda ya aike ni. Ina da ɗan shagon buga takardu a Tudun Wada, Gusau, kuma Linux Mint, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, ita ce a kan tsohuwar kwamfutar da nake aiki da ita. Ran nan da la'asar ta nemi sabunta manhajoji, na ba ta dama. Ana cikin haka janareta ya fara tari, allo kuma ya tsaya cak. Maimakon in jira, sai na danne maɓallin kunnawa har ta mutu.

Washegari na kunna, baƙin allo kawai da kalmar initramfs, alamar ta maƙale a farkon tashi. Ga aikin wata ɗaliba mai shafi 60 a ciki, kuɗinta ma na riga na kashe.

Ƙanen abokina da ya karanta kwamfuta ne ya cece ni. Yana jin labarin ya ce, "Haba Yaya, ai ba sandarewa ta yi ba, rubutu take." Ashe Linux kan riƙe wasu bayanai a RAM, ma'ajiyar wucin gadi da ke gogewa in wuta ta ɗauke, kafin ta zuba su a faifan ajiya, kuma kashewa ta ƙa'ida ce ke ba ta damar kwashe su. Ni kuwa na yanke mata wuta da lomar a baki. Ya gyara faifan da umarnin fsck, ya ƙarasa sabuntawar da umarnin sudo dpkg --configure -a. Ta tashi, amma duk gyaran da na yi wa babi na huɗu ya bi ruwa. Kwana biyu ina sake bugawa, ɗalibar na zirga-zirga.

Abin da ya fi ƙona mini rai, hanya tana nan kusa. Ctrl da Alt da F3 kawai zan danna, allon rubuta umarni ya fito, in shiga da sunana, in rubuta sudo reboot ta sake tashi. Ko wannan ta ƙi, a riƙe Alt da SysRq (galibi yana kan maɓallin Print Screen), a danna S, U, B ɗaya bayan ɗaya, ana ɗan dakatawa tsakani: ta zuba bayanai, ta kulle faifai daga rubutu, ta sake tashi.

Wani abu kuma, in aka rubuta umarnin kashewa na shutdown shi kaɗai, minti ɗaya kwamfutar take jira, har ana iya fasawa da shutdown -c. Mai sauri ya ƙara now.

Na sayi UPS na hannu a satin, wato batirin da ke riƙe kwamfuta in wuta ta ɗauke. Maɓallin nan kuwa na liƙe shi da salatif, saboda yaron shago ma na gan shi yana kai hannu.