Abin da ɗinkin sallah ya yi wa jikina

Bara da azumi na karɓi ɗinki fiye da ƙarfina, shadda da yadi jibge har ba wurin taka ƙafa a shago, ga rashin wuta sai janareta, waya kuma ba ta hutawa kowa sai "maigida ina kayana". Ina kan keke har ƙarfe 2 na dare, goro a kunci, shayi mai kauri a gefe, in na kwanta kuma barcin ya ƙi zuwa, gabana na ta faɗuwa ba dalili, yaron shago ko allura ya tambaye ni sai in hau shi da faɗa.

Bayan sallah ciwon ƙeya ya kai ni asibiti, aka auna jini 150/95. Likitar Allah ya saka mata, zama ta yi ta min bayani. Ta ce a saman kowace ƙoda akwai wani ɗan ƙullutu da ke fitar da sinadarai biyu, adirenalin da kotisol. Adirenalin shi ke sa zuciya bugu da sauri in kare ya biyo ka. Kotisol kuma sukari yake turawa cikin jini, da safe yake hawa, da dare ya sauka mutum ya samu barci. To ni nawa ba ya sauka, don jiki bai san bambancin kare da kiran kwastoma ba, kuma in aka daɗe a haka ga hawan jini, ga tumbi, ga yawan kamuwa da mura. Ta ce in gyara zamana in dawo, in jinin bai sauka ba sai magani.

Goro na fara bari daga la'asar, ashe sinadarin kafeyin mai hana barci da ke cikinsa sai kusan awa 5 rabinsa ke barin jini. Bayan asuba ina taka ƙafa minti 30. In raina ya ɓaci sai in ɗaga ƙafa daga keke, in shaƙi iska ina ƙirga 4, in fesar a hankali ina ƙirga 6, wallahi wannan kaɗai yana kwantar min da ƙirji.

Mai wuyar ita ce cewa mutum "ba zan iya ba". Bana tsakiyar Sha'aban na rufe littafin karɓar ɗinki, wani da muka shekara goma tare ya kwashi shaddarsa ya tafi yana fushi, abin ya dame ni sosai. Amma ƙarfe 11 nake rufe shago, awon da aka min satin sallah kuma 128/82 ne.