Zabirar Baba da labarin Gabooye

Mahaifina wanzami ne, kakana ma wanzami ne. A unguwarmu ta Jekadafari da ke Gombe, idan an yi haihuwa, kafin a sayo rago an aiko gidanmu. Na tashi ina riƙe wa Baba zabira ranar suna, ina kallon yadda yake wasa aska a jikin fata, ya jiƙa kan jinjiri da ruwan ɗumi, ya sauke gashin ciki tas babu ko ƙwarzane. In an watse a ba mu kasonmu na nama da hatsi da goro, mu kamo hanyar gida ina tsalle. Ban taɓa sanin akwai abin ɓoyewa a nan ba.

Da na tafi karatu Kartum na tafi da aska biyu a ƙasan jaka. Daren Juma'a nakan shimfiɗa tabarma a bakin ɗakin kwananmu in yi wa ɗalibai aski, a ba ni abin shan shayi. Cikin masu zuwa har da Somalawa. Wata rana ɗaya daga cikinsu, mutumin Bur'o, dogo mai fara'a, ya tambaye ni inda na koya. Na ce gado ne, uba da kaka. Ya yi dariya, ya zaci wasa nake. Da ya ga ban yi dariya ba sai ya sassauta murya, ya ce da Larabci: “Ɗan'uwa, kai mutumin kirki ne, amma kada ka riƙa faɗar wannan a gaban mutanenmu.” Shawara ya ba ni tsakaninsa da Allah, ba da nufin cin fuska ba, kuma hakan ne ya fi tsaya mini a rai.

Akwai wani kuma, mutumin Hargaisa, wanda kullum sai kowa ya tashi yake zuwa. Mun fi wata shida a haka kafin wani dare, ina tsakiyar gyara masa ƙeya, ya ce: “Ka karkata askar kaɗan, haka babana yake yi.” Na tsaya cak. Shi ma ɗan wanzami ne, daga unguwar Daami, inda Gabooye, masu sana'ar gado da sauran Somalawa ke rainawa, suka fi yawa a Hargaisa. 'Yan ƙasarsu da muke cin abinci a faranti ɗaya ba su sani ba. In an tambaye shi danginsu, sai ya ambaci babbar ƙabilar da kakanninsa suka zauna a ƙarƙashin inuwarta.

Daga bakinsa na fara jin sunayen. Tumaal su ne maƙera, sunan daga kalmar tum yake, wato duka, irin dukan masaba a kan uwar maƙera. Midgaan su ne mafarauta da majema da dukawa da wanzamai, matansu kuma ungozomomi. Wannan suna yanzu zagi ne, masu shi sun fi son a ce Madhibaan ko Muuse Dhariyo, ko a haɗa a ce Gabooye, wanda ma'anarsa kwarin zuba kibau. Sai Yibir, mafi ƙaranci, masu layu da tsibbu. A da ana tara su duka a kira su sab. Ba bayi ba ne, ba a kai su kasuwa a sayar. Kada kuma a haɗa su da manoman bakin kogunan Juba da Shabelle da ake kira Jareer, waɗanda tarihinsu daban ne. Gabooye kamanninsu ɗaya da sauran Somalawa, harshe ɗaya, sahu ɗaya a masallaci, mazhabar Shafi'iyya ɗaya. To daga ina aka samo bambancin?

Abokina ya ba ni labari biyu, ya ce duk yaron Somaliya ya san su. Na farko, wasu 'yan'uwa biyu ne yunwa ta kama a tafiya, suka tsinci mushe suka ci don ceton rai. Da suka iso inda akwai abinci, ɗaya ya sa yatsa ya amayar, ɗayan ya ƙi. Zuriyar wanda ya ƙi su ne Midgaan. Na ce masa ai kowane almajiri ya san ayar da ke Baƙara wadda ta halatta mushe ga wanda lalura ta kama, kuma ba a ce sai ya amayar ba. Ya ce shi ma ya sani, malaman garinsu ma sun sani.

Na biyu ya fi daɗin ji. Shehu Yusuf al-Kawnain, wanda ake kira Aw Barkhadle, kabarinsa na nan arewa maso gabas da Hargaisa ana ziyara. Shi ake danganta wa hanyar koya wa yaran Somaliya wasulan Larabci da harshensu, kwatankwacin farfarun makarantar allonmu. An ce da ya iso ƙasar ya tarar da wani sarki matsafi, Muhammad Hanif, wanda ake wa laƙabi da Bu'ur Ba'ayr. Suka yi gasa. Matsafin ya ratsa dutse ya fito, ya sake ratsawa ya fito. A karo na uku Shehu ya yi addu'a, dutsen ya rufe da shi. Sai 'ya'yansa suka nemi diyyar ubansu, aka yanke cewa har abada duk gidan da aka haifi ɗa namiji za a ba Yibir wani abu. Wannan kyauta ita ce samanyo. Mutumin Yibir ya zo, a ba shi, ya bar wa jinjiri laya, wanda ya hana kuma ya zauna da fargabar baki. Da na ji wannan sai na tuna kason namanmu na ranar suna, na yi murmushi ni kaɗai.

Ni dai a ganina labaran nan biyu bayan an gama ginin aka shafa su, kamar farar ƙasa. A duba wanda ya ci riba a cikinsu: na farko ya ɗora laifin a kan kakan wanda aka danne, na biyu ya mai da ƙasƙancin hukuncin waliyyi. Abin da za a iya tsinta a na biyun shi ne ƙamshin wani tsohon rikici tsakanin Musulunci da addinin gargajiya na masu bautar Waaq, ubangijin sama na Somalawan da, inda masu riƙe da asiran da suka koma gefe. Masu cewa Yibir Yahudawa ne saboda sunan ya yi kama da Ibraniyawa kuwa, kamar suna kawai suka kama.

Turawa ma sun kawo nasu. Richard Burton, wanda ya sauka Zaila a 1854 ya isa Harar a farkon 1855, ya ambaci rukunan nan uku, wato tun kafin mulkin mallaka abin ya kafu. Daga baya wasu suka ce ragowar mafarautan farko ne da makiyaya suka tarar a ƙasar suka mamaye. Ana kafa hujja da kibiya mai dafi ta mafarautan Midgaan, wadda Basomale mai ji da asali ba ya taɓawa sai mashi. Dafin nan, waabaayo, har sunansa ya shiga littattafan likitanci a matsayin maganin zuciya. Ana kuma kafa hujja da cewa suna da yarensu na sirri. Amma wani hafsan Ingila mai suna Kirk ya rubuta yaren Yibir da na Midgaan a 1905, kuma abin da ya fito shi ne ƙashin bayan maganar Somaliyanci ne, kalmomi aka sauya. Mu da muka san zaurance ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Inda hankalina ya fi kwanciya shi ne wajen raƙumi. A dokar gargajiyar Somalawa, xeer (ana furta shi kamar her), mutum da danginsa ake auna shi. Yaro yana haddace kakanninsa ɗaya bayan ɗaya har ashirin ko fiye, ya dangana da irin su Shehu Isaaq ko Daarood, waɗanda ake cewa daga ƙasar Larabawa suka zo. Dangi ke haɗa diyya su biya, su ke karɓa su raba, kuma diyyar namiji raƙuma 100 ce, ta mace 50. Dukiyar aure ma da dabbobi ake biya. To ga mutanen da al'ada ta hana su mallakar raƙumi da doki, ta hana su rijiya da makiyaya. Wanda ba shi da raƙumi da me zai biya diyya? Dole ya raɓu da wata ƙabila ta tsaya masa, in an kashe shi ubangidansa ne zai nema, kuma ba a biyan cikakkiya. Da me zai nemi aure? Sai a gidan irinsa. Ɗansa ya tashi bai ga garke ba sai zugazugi, ya gaji zugazugi. A juya wannan shekara ɗari biyar, ba a bukatar wani kaka da ya ci mushe. Makiyayi kuwa ba ya iya rayuwa babu su: mashinsa, wuƙarsa, takalminsa, linzamin dokinsa, kaciyar ɗansa, duk daga hannunsu. Yana bukatarsu kullum, yana tsoron asirinsu, ba ya haɗa jini da su.

Abin da ya ƙara tabbatar mini shi ne ba su kaɗai ba ne. Oromo na Habasha suna da maƙeransu Tumtu, tushen kalma ɗaya da Tumaal. Buzaye suna da inadan. Ko nan kusa da mu, a duwatsun Michika, maƙeran Higi a tsakaninsu suke aure bisa al'ada. Da wuya a ce duk waɗannan kakanninsu mushe suka ci.

Zamani ya taɓa abin amma bai tumɓuke shi ba. Siyad Barre, wanda ya mulki Somaliya daga 1969 zuwa 1991, ya haramta maganar ƙabila, ya ɗaga wasu daga cikinsu. Janar Muhammad Ali Samatar, Batumaale, ya riƙe ma'aikatar tsaro, ya zama firaminista daga 1987 zuwa 1990. Da gwamnatin ta faɗi sai wannan ya zame wa talakawansu laifi, aka ce 'yan kanzagin Barre ne, ga shi ba su da mayaƙan ƙabila da za su kare su. Da aka zo sulhu a Arta ta Jibuti a 2000 aka fito da rabon da ake kira 4.5. A majalisar da aka kafa daga baya a 2004 mai kujeru 275, manyan ƙabilu huɗu kowace ta samu 61, duk sauran jama'a, da Gabooye da Jareer da mutanen biranen gaɓa, suka haɗu a 31. Abokina yakan ce a hukumance shi rabin mutum ne, rabin ma da abokan tarayya.

A lokacin nakan yi masa alfahari. In ce mu a ƙasar Hausa akwai Sarkin Aska, akwai Sarkin Maƙera, akwai Sarkin Fawa, da rawani a fadar sarki. Ɗan wanzami yana sayen gona, ya yi kiwo, ya zama alƙali, ba mai hana shi. Wannan gaskiya ne, kuma ba ƙaramin bambanci ba ne. Sai dai ban gaya masa cewa da yayana ya nemi wata yarinya a Bolari an ce mana an riga an yi mata miji ba, alhali ta ƙara shekara biyu a gida. Wata tsohuwa ce daga baya ta fesa wa Inna cewa kawun yarinyar ne ya ce a binciki asali.

Bara kuma ƙanwata ta kawo nata. Yaro mai hankali, ma'aikacin jinya, ba ya wasa da sallah. Da aka ce ɗan gidan mahauta ne, Inna ce, wadda ta yi kwana uku tana kuka a kan maganar Bolari, ta ajiye ludayi ta ce: “Duk samarin garin nan ki rasa wanda za ki kawo sai ɗan fawa?” Baba yana zaure yana wasa aska, bai ce uffan ba sai da ya gama, ya gwada kaifin a gashin hannunsa, sannan ya ɗaga murya ya ce a gaya wa yaron ya turo magabatansa ranar Asabar.

Na tura wa abokina labarin ta WhatsApp. Yanzu yana koyarwa a wata makaranta a Hargaisa, ya auri 'yar kawunsa daga Daami. Ya maido da saƙon murya, dariya ta ci rabinsa, sannan ya tambaya ko Inna ta ci naman da surukan suka aiko ranar ɗaurin aure. Na ce ta ci, har ta sa an soya mata saura ta ɓoye a langa.